Kun Tambaya, Mun Amsa: Yadda The Beatles Suka Taso

Wasiƙun wannan makon daga Zariya suka fito, kuma duk a kan ƙungiya ɗaya suke, The Beatles ta birnin Libaful na Ingila. Mun gajarta tambayoyin domin amsoshi su samu wuri.

Daga wani ɗalibi a Samaru: Mu huɗu ne, muna da jita biyu, da bes, da mai ganga. Wata shida ke nan muna atisaye a ɗaki, ba wanda ya san da mu. An ce The Beatles ma haka suka fara. Shekara nawa suka yi kafin a san su?

Ƙanenmu, wata shida ai ko ɗaura ɗamara ba ku gama ba. Ga lissafin nasu. John Lennon ya haɗu da Paul McCartney ranar 6 ga Yuli 1957, a wani bikin coci a unguwar Woolton. Lennon yana da shekara 16, McCartney 15. Faifansu na farko da sunansu, Love Me Do, bai fito ba sai 5 ga Oktoba 1962, kuma a mataki na 17 ya tsaya a jerin faya-fayen da aka fi saye a Ingila. Shekara biyar da wata uku ke nan.

Ƙungiyar da Lennon ya kafa tun yana makarantar sakandare ta Quarry Bank sunanta The Quarrymen, kuma kiɗan da suke yi ana kiransa sikiful. Kiɗan marasa kuɗi ne: jita mai araha, da allon wanki da ake karta da yatsu a madadin ganga, da akwatin ganyen shayi da aka kafa wa sandar tsintsiya da igiya ɗaya a madadin bes. Wanda ya taɓa ganin yaro ya haɗa gurmi da gwangwani da waya ya gane abin da ake nufi. Abin da ya sa Lennon ya karɓi McCartney shi ne yaron ya iya saita tsirkiyar jita daidai, ya kuma haddace baitocin waƙoƙi daga farko har ƙarshe. Lennon kuwa a lokacin da salon banjo yake danna jitarsa, kamar yadda mahaifiyarsa ta koya masa. George Harrison ya shigo a 1958 bai wuce shekara 15 ba. Stuart Sutcliffe, mai zane ne, ya sayar da zanensa ya sayi bes a farkon 1960 alhali bai iya kaɗawa ba. Mai ganga na dindindin bai samu ba sai watan Agusta 1960, da suka ɗauki Pete Best ana saura kwanaki su tafi Jamus.

Abin da ya bambanta su da ku a yanzu shi ne ba a ɗaki suka yi shekarun nan ba. Duk inda aka ba su fili sun tsaya, ko da ladan bai wuce kuɗin mota ba.

Daga wani matashi a Gyallesu: Me ya kai su Jamus, kuma me ya sa duk mai ba da tarihinsu sai ya daɗe a kan Hambog?

Domin a can suka zama makaɗa. Wani ɗan Libaful mai suna Allan Williams ne ya samo musu aiki a wurin Bruno Koschmider, mai gidajen rawa a unguwar St. Pauli. Sun fara a wani ƙaramin gida, Indra, ranar 17 ga Agusta 1960. Yarjejeniyar ita ce awa huɗu da rabi kowane dare a ranakun mako, awa shida a ƙarshen mako, kowa yana karɓar mak 30 na kuɗin Jamus a rana. Makwancinsu wani ɗaki ne marar taga a bayan allon wata silima, Bambi Kino, dab da ban-ɗaki. Sun yi dare 48 a Indra, maƙwabta suka kai ƙarar hayaniya, aka mayar da su Kaiserkeller a watan Oktoba.

Ka zauna ka yi lissafin awa huɗu da rabi. Waƙar rok ta wancan zamani minti biyu da rabi ce zuwa uku. Ko an cire hutu, ana bukatar waƙa sama da 70 a dare guda in ba a son maimaici. Ƙungiyar da ta zo da waƙa 20 dole ta yi abu uku: ta koyi sababbi kullum daga faifai, ta iya ja wa waƙa rai har minti goma ba tare da ta watse ba, sannan kowa a cikinta ya iya riƙe makirufo, domin maƙogwaro ɗaya ba zai kai asuba ba. Daga nan ne aka samu ƙungiyar da mutum uku ke rera waƙa a cikinta, kuma muryoyinsu suna hawa kan juna daidai. Mai gidan kuma ba ya barin su tsaya kamar gumaka, kullum yana yi musu tsawa su motsa jiki su jawo masu wucewa. Sau biyar suka je Hambog tsakanin 1960 da ƙarshen 1962. A zuwa na biyu kaɗai, a gidan Top Ten, sun yi dare 92 a jere.

Da suka koma gida suka yi wasa a zauren Litherland ranar 27 ga Disamba 1960, jama'a suka bar rawa suka dunƙulo gaban dandamali. An rubuta a tallar cewa daga Hambog suke, har wasu suka ɗauka Jamusawa ne. Daga 9 ga Fabrairu 1961 zuwa 3 ga Agusta 1963 sun yi wasa sau 292 a gidan rawa na Cavern da ke Libaful, da yawa daga ciki da rana tsaka, lokacin da ma'aikatan ofis da 'yan kanti ke fitowa cin abinci.

Ga yadda za ku ɗauki wannan a Zariya. Ku nemi wuri ɗaya da zai ba ku rana tsayayya a mako, ko taron ɗalibai ne, ko liyafar biki, ko gidan abinci. Ku shirya zango uku na minti 45, kowane zango waƙa 12 zuwa 14, wato kusan 40 gaba ɗaya. Ku rubuta jerin a takarda da maka, ku manna a ƙasa gaban kowa. Tsakanin waƙa da waƙa kada a wuce daƙiƙa goma, domin a wannan shirun ne mutane ke ciro waya. Ku aje waya ɗaya a bayan zaure tana naɗar wasan, washegari ku saurara tare, kowa ya fitar da kuskurensa biyu. Kowane mako a ƙara sabuwar waƙa biyu, a jefar da biyun da suka fi sanyaya wuri. Kuma ku sa kiɗan gida a ciki. Kalangu yana zama daram a kan bes in an ba shi fili.

Akwai abubuwa biyu na Hambog da ba ma so ku ɗauka. Na farko ƙwaya. Domin su kai asuba a tsaye sun riƙa shan Preludin, maganin rage ƙiba mai hana barci. Irin wannan ƙwaya tana sa makaɗi ya riƙa gudu da kiɗa bai sani ba, tana busar da maƙogwaro, kuma jiki na neman ƙari. Mun san abin da tiramol da kodin suka yi wa samari a garuruwanmu, kada kiɗa ya zama ƙofar shiga. Na biyu sakaci da takardu. A watan Nuwamba 1960 an kori Harrison daga Jamus saboda shekararsa 17, doka kuwa ta hana wanda bai kai 18 ba aiki a irin wuraren nan cikin dare. Ba a jima ba aka tasa ƙeyar McCartney da Best bayan Koschmider, wanda ya fusata don za su koma wurin abokin hamayyarsa, ya zarge su da yunƙurin sa gobara.

Daga wata ɗaliba a Kongo: An ce wani babban kamfani ya ƙi su, an kuma ce sun kori mai gangarsu ana gab da nasara. Wannan ba butulci ba ne?

Malama, batu biyu ne, amma tushensu ɗaya. Brian Epstein, mai kula da shagon faya-fayen iyayensa, NEMS, ya gan su a Cavern ranar 9 ga Nuwamba 1961, ya zama manajansu a Janairu 1962. Shi ya samo musu gwaji a kamfanin Decca ranar 1 ga Janairu 1962. Komai ya zo a karkace. Sun kwashe kusan awa goma a mota cikin dusar ƙanƙara domin direba ya ɓata hanya. An yi gwajin da safe, lokacin da murya ba ta buɗe ba. Injiniyoyi suka raina amfilifayoyinsu suka sa su amfani da na situdiyo, waɗanda ba su saba da su ba. Waƙa 15 suka yi, uku kawai nasu, sauran gauraye ne na tsofaffin waƙoƙi da na barkwanci, don haka mai sauraro bai gane ko su wane ne ba. Decca ta ɗauki Brian Poole and the Tremeloes, 'yan kusa da Landan.

George Martin, mai shirya naɗin faifai a Parlophone, wani reshe na kamfanin faya-faye EMI, shi ya saurare su ranar 6 ga Yuni 1962 a situdiyon Abbey Road. Ya yarda da su, amma ya ce in za a naɗi faifai zai kawo mai ganga na haya. A zaure mai cike da ihu, ganga in ta ɗan yi gaba ta ɗan yi baya ba mai lura. A tef kuwa duk wani santsi a fili yake, kuma in za a yanka naɗi biyu a haɗa, dole saurinsu ya zama ɗaya. Ranar 16 ga Agusta Epstein ya sallami Best, bayan kwana biyu Ringo Starr ya hau kujerar. Shi ma Ringo bai tsira ba, domin a naɗin 11 ga Satumba an kawo Andy White ya buga ganga, aka miƙa wa Ringo kacau-kacau.

A ganinmu canjin yana da hujja ta fuskar kiɗa, amma yadda aka yi shi bai kyautu ba. Mutumin da kuka kwana ɗaki ɗaya da shi shekara biyu ya cancanci ku gaya masa da bakinku, su kuwa manaja suka tura. Ga masu ganga: a sauke manhajar metironom, mai ƙirga bugun kiɗa, a waya, a sa ta a bugu 80 a minti, a bi ta minti biyar ba tsayawa, sannan 100, sannan 120, kullum. Wurin da aka fi zamewa shi ne bayan an yi ado da ganguna za a koma amshi, a nan hannu ke ƙara sauri. Ga masu zuwa gwaji kuma: waƙa uku ko huɗu masu kama da juna, naku na kanku, a isa gari tun jiya, a kwana a huta.

Daga wani dattijo a Ƙofar Doka: Ina saurayi na ji su a rediyo. Yaya aka yi cikin ɗan lokaci suka cika duniya?

Baba, Allah ya ƙara girma. Abin ya faru ne cikin wata 16, daga fitowar Love Me Do zuwa saukarsu Amurka. Waƙarsu ta biyu, Please Please Me, da farko a hankali take tafiya, Martin ya ce a ƙara mata sauri, ta fito a Janairu 1963 ta yi kasuwa. Ranar 11 ga Fabrairu suka naɗi waƙa goma a yini ɗaya domin cika kundinsu na farko, wanda ya yi mako 30 yana kan gaba a Ingila. Ranar 13 ga Oktoba kimanin mutum miliyan 15 suka kalle su a talabijin daga zauren Palladium na Landan.

Amurka ta fi wuya. Capitol, kamfanin EMI na can, ya ƙi faya-fayensu na farko, sai ƙananan kamfanoni irin su Vee-Jay da Swan suka fitar, ba su yi tasiri ba. Da Capitol ya sauko ya fitar da I Want to Hold Your Hand ranar 26 ga Disamba 1963 tare da talla mai yawa, ta hau mataki na ɗaya a farkon Fabrairu. Sun sauka Niyok ranar 7 ga Fabrairu 1964, bayan kwana biyu mutum miliyan 73 suka kalle su a shirin Ed Sullivan. Ranar 4 ga Afrilu waƙoƙinsu ne a mataki na ɗaya zuwa na biyar a Billboard, jerin faya-fayen da suka fi kasuwa a Amurka. Gyaran da Epstein ya yi musu ya taimaka ƙwarai wajen shiga talabijin: kwat iri ɗaya a madadin rigunan fata, ba ci ba shan taba a dandamali, zuwa a kan lokaci, da rusunawa tare bayan waƙa.

Daga wani mai gyaran rediyo da lasifika a Sabon Gari: Da wane irin kaya suka yi aiki? Yara na kawo mini amfilifaya a ƙone kusan kowane wata.

Maigida, kayansu ba su kai na wani mai DJ na bikin yau ba. Amfilifayar da aka san su da ita Vox AC30 ce, mai bawul, wat 30, da lasifika biyu masu inci 12. McCartney, wanda ya karɓi bes bayan Sutcliffe ya bar ƙungiyar a 1961, yana kaɗa Höfner 500/1, Lennon kuma Rickenbacker 325, dukansu a Hambog aka saye su. Kundin farko a tef mai layi biyu aka naɗe shi, kayan kiɗa a layi ɗaya, muryoyi a ɗaya, sai a ƙarshen 1963 suka samu mai layi huɗu. Kafin Vox kuwa kayansu abin tausayi ne. A ranar farko a Abbey Road amfilifayar bes ta riƙa gurnani har injiniyoyi suka haɗa wata daga kayan situdiyo. Ƙarancin kaya yana cikin abin da ya raba su da wasan fili. A filin Shea na Niyok, 15 ga Agusta 1965, mutum 55,600 ne a gabansu, amfilifaya wat 100, ba lasifikar da ke fuskantar makaɗa, ba sa jin kansu saboda ihu. Ranar 29 ga Agusta 1966 suka yi wasan yawo na ƙarshe a San Faransisko.

Ƙonewar da kake gani yawanci daga abu uku take. Na farko haɗa lasifika ba lissafi: biyu masu om 8 in aka haɗa su faralel, wato kowace ta ɗauka kai tsaye daga amfilifaya, sun koma om 4, huɗu sun koma om 2, amfilifayar da aka rubuta mata 4 ko 8 sai ta yi zafi ta ƙone. Na biyu kunna mai bawul ba a jona mata lasifika ba, wannan yana kashe taransifomar fita. Na uku janareta. A gaya musu su tayar da shi ba kaya a kai, su bar shi minti biyu ya daidaita, wuta ta bi ta sitabilaiza, a kunna miksa, amfilifaya ita ce ta ƙarshe. Wajen kashewa amfilifaya ce ta farko. Kada a haɗa firji ko famfon ruwa a kan layin.

Wayar at, wato wayar kariya mai kai yoyon wuta ƙasa, kuma kada a yanke ta don a kashe gurnani. Mai jita yana riƙe da tsirkiyar ƙarfe, leɓensa na taɓa makirufo, in akwai yoyon wuta ta jikinsa za ta bi. Haka Les Harvey na ƙungiyar Stone the Crows ya rasu a dandamali a 1972. Gurnani a magance shi ta hanyar ɗaukar wutar duk kayan daga soket ɗaya mai at na gaske. Sai hunturun Zariya, wanda ke busar da katakon jita har wuyanta ya lanƙwashe, gefen ƙarafan wuya su fara yankar hannu. A aje ta cikin jakarta da ɗan soso mai danshi a cikin gwangwanin sabulu mai huji. In za a juya ƙarfen cikin wuya, rubu'in zagaye kawai, a bari ta kwana kafin a ƙara.

Daga wata uwa a Tudun Wada: Ɗana yana cikin irin wannan ƙungiya, wani ya kawo musu takarda su sa hannu zai fitar musu da waƙa. Su waɗancan sun ci moriyar wahalarsu?

Hajiya, sun yi arziki, amma abin da ya zube a hanya ya fi ƙarfin misali, kuma duk a takardun shekarun farko ya zube. Yarjejeniyarsu da EMI ta 1962 kwabo ɗaya ce a kan kowane ƙaramin faifai, a raba wa mutum huɗu, alhali ana sayar da faifan sama da sule shida. Waɗanda suka ga zamanin fam da sule sun san kwabo 12 ne sule. Kason manaja kuma yakan kai 25 cikin ɗari. Kayan da ake bugawa da sunansu a Amurka, riguna da 'yar tsana da sauransu, an ba wani kamfani, Seltaeb, a kan ya riƙe kashi 90 su karɓi 10, kafin daga baya a gyara.

Mafi ciwo shi ne mallakar waƙoƙin. A Fabrairu 1963 aka kafa kamfanin Northern Songs domin riƙe waƙoƙin Lennon da McCartney, mai buga waƙoƙi Dick James da abokin kasuwancinsa suka samu kusan rabi. A 1969 suka sayar da kasonsu ga kamfanin ATV ba tare da shawartar marubutan ba. A 1985 Michael Jackson ya sayi sashen waƙoƙi na ATV a kan dala miliyan 47.5, McCartney yana raye yana kallo.

Kada ɗanki ya sa hannu a ranar da aka kawo takardar. A karɓi kwafi a kai wa lauya, kuma ba lauyan mai takardar ba. Haƙƙi iri biyu ne a kowace waƙa, na wanda ya tsara baiti da karin, da na wanda ya mallaki naɗin, a duba wanne ake nema. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ba ta amincewa da sallama haƙƙi sai a rubuce, don haka abin da aka sa wa hannu shi ne zai tsaya a kotu. A nemi a rubuta aro na shekara biyu ko uku a madadin sayarwa har abada, da sharaɗin cewa in ba a fitar da waƙar cikin wata shida ba ta dawo hannun masu ita. A rubuta kason kowa da lamba, a fayyace ko kafin cire kuɗin situdiyo da talla ne ko bayan an cire, da ranar da za a riƙa kawo lissafi. Shafinsu na YouTube da asusun da kuɗin sauraro ke shiga su kasance da sunan ƙungiyar, lambar sirri a hannunsu.

Kafin wannan ma, su huɗun su rubuta tasu takardar a tsakaninsu: wa ya tsara wace waƙa da kason kowa a cikinta, wa ya sayi wane kaya, wa ke riƙe da sunan ƙungiya in wani ya fita, da abin da za a ba wanda aka sallama. Su yi wa sunan rajista a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da sunayen kasuwanci, kowa ya sa hannu gaban shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafinsa, ke ma ki aje ɗaya.